Yadda 'yan matan Sudan ta Kudu suka girgiza ma'aunin kyau a duniya, da abin da har yanzu bai sauya ba

A watan Nuwamban 1997 mujallar Elle ta Amurka ta fito da hoton wata budurwa mai shekara 20 a bangonta. Baƙa ce wuluk, gashin kanta a aske ƙasa-ƙasa, fuskarta a zagaye, tana sanye da farar kwat. Sunanta Alek Wek, 'yar ƙabilar Dinka daga garin Wau, wanda a wancan lokacin yake cikin Sudan, a yau kuma yake cikin Sudan ta Kudu. Ita ce 'yar Afirka ta farko da ta hau bangon wannan mujalla.

A zamanin, masu harkar mujallun kwalliya a Turai da Amurka sun yi imani cewa baƙar fuska a bango tana kashe ciniki. Idan ma za a saka baƙar fata, to akan nemi wadda launinta ya ɗan yi haske, mai dogon hanci da gashi mai santsi. Alek ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da mujallar ta fito, wasiƙu suka yi ta kwarara zuwa ofishinta, da yawa daga mata baƙaƙe da suka ce ba su taɓa ganin mai kama da su a irin wannan matsayi ba.

A yau da wuya a yi bikin baje kolin kayan ƙawa a Paris ko Milan ko Landan ko New York ba a ga 'yar asalin Sudan ta Kudu a kan dandamali ba. Ƙasar da ta fi kowace ƙarancin shekaru a duniya, wadda ta samu 'yancin kai ranar 9 ga Yulin 2011, ta zama ɗaya daga cikin wuraren da manyan kamfanonin tufafi ke rububin neman fuskoki. Abin tambaya shi ne ko tsohon ma'aunin kyau ya karye, ko kuwa wani sabo aka sassaƙa aka ɗora a gurbinsa.

Daga Wau zuwa Landan

An haifi Alek a 1977, ita ce ta bakwai cikin 'ya'ya tara. Mahaifinta ma'aikacin hukumar ilimi ne. Yaƙin basasar Sudan na biyu, wanda ya ɓarke a 1983, ya iso Wau tana ƙarama, iyalin suka tsere cikin daji a ƙafa, daga baya suka isa Khartoum. Doguwar tafiyar ta tayar wa mahaifin wani tsohon ciwo a ƙugu, kuma a Khartoum ya rasu. A 1991, tana da shekara 14, ta isa Birtaniya a matsayin 'yar gudun hijira.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba a labarinta. Fatar nan da duniya ta zo tana yabo, tun tana jaririya take fama da ciwon soriyasis, wanda ke sa fata ta bushe, ta tsage, ta yi ta saɓa. Sai bayan ta isa Landan ciwon ya lafa. Ba ta taso tana ɗaukar kanta kyakkyawa ba, amma kuma babu wanda ya taɓa ce mata baƙinta aibi ne, domin kowa a gidansu da unguwarsu haka yake. A littafin tarihin rayuwarta da ta wallafa a 2007 ta bayyana cewa a makarantar Ingila ta fara cin karo da masu yi mata ba'a kan launinta da tsawonta.

A 1995 wata ma'aikaciyar kamfanin dillancin masu tallan kayan ƙawa na Models 1 ta hange ta a wata kasuwa da ke unguwar Crystal Palace a kudancin Landan, ta ba ta katinta. A cikin shekarar ta fito a bidiyon waƙar da Tina Turner ta yi wa fim ɗin James Bond mai suna GoldenEye. Shekara biyu bayan nan ta hau bangon Elle.

Ƙofar da aka buɗe rabi

Ba ita ce baƙar fata ta farko a wannan sana'a ba. Donyale Luna ta hau bangon Vogue ta Birtaniya a 1966, Beverly Johnson ta hau na Vogue ta Amurka a 1974, Naomi Campbell kuma ta hau na Vogue ta Faransa a 1988. Sai dai labarin Iman, 'yar Somaliya, shi ya fi fito da irin tunanin da ake da shi kan 'yar Afirka. Mai ɗaukar hoto Peter Beard ya gamu da ita a Nairobi a 1975, lokacin tana ɗaliba a jami'a. 'Yar jami'in diflomasiyya ce, tana jin harsuna da dama. Amma da za a gabatar da ita ga 'yan jarida a New York, sai aka baza labarin cewa makiyayiya ce da aka tsinto a daji, ko Turanci ba ta ji. An ga cewa wannan tatsuniya ta fi gaskiyar saurin shiga kasuwa. A ɗaya gefen kuma, wasu baƙaƙen Amurka suka soke ta da cewa an zaɓe ta ne saboda siffarta ta yi kusa da ta Turawa.

Matsalar ba a zukatan editoci kawai take ba, har cikin kayan aiki ta shiga. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda da shi ake daidaita launi a injin. Ana kiran sa katin Shirley, sunan matar da aka fara ɗauka. Duk hoton da aka wanke, da fatar wannan mata ake auna shi. Sakamakon haka fuskar baƙin mutum kan fito a dushe, ba a ganin komai sai idanu da haƙora. Binciken Lorna Roth, malama a Jami'ar Concordia da ke Kanada, ya nuna cewa daga cikin abubuwan da suka sa aka inganta yadda fim ɗin hoto ke kama launuka masu duhu akwai ƙorafin kamfanonin cakulan da na kayan katako, waɗanda suka ce ba a iya bambance nau'o'in hajarsu a hotunan talla. Wato kukan mai cakulan ya riga na mutum isa kunne.

Haka abin yake a wajen kayan shafa. Shekara 18 bayan bangon Elle, a 2015, wata mai tallan kayan ƙawa 'yar Sudan ta Kudu, Nykhor Paul, ta fito a Instagram tana tambayar dalilin da ya sa ita kaɗai za ta riƙa zuwa wurin aiki da hodarta a jaka, alhali takwarorinta Turawa zama kawai suke yi a yi musu kwalliya. Sai a 2017, da mawaƙiya Rihanna ta fito da kayan shafa na Fenty Beauty masu launi 40 a tashi ɗaya, sauran kamfanoni suka farga cewa akwai kuɗi a hannun matan da suka daɗe suna yi wa kallon ba su cikin lissafi.

Ita kanta Alek ta sha suka ta fuska biyu. Akwai waɗanda suka ce ba ta da kyau ko kaɗan. Akwai kuma baƙaƙen fata da suka zargi masu harkar da cewa sun ɗauko ta ne don ta dace da hoton Afirka da ke kan Bature, hoton daji da duhu da baƙunta. Wannan zargi na biyu ba shaci-faɗi ba ne gaba ɗaya. Wani kamfanin kofi na Italiya ya taɓa ɗaukar ta hoto a cikin wani ƙaton farin kofin shayi, ita ce a madadin baƙin kofin, kuma daga baya ta rubuta cewa irin waɗannan hotuna sun dame ta. A 1998, a bikin baje kolin tufafin Betsey Johnson a New York, an ɗora mata gashin kanti mai ruwan zinare. Tana cikin tafiya a kan dandamali ta cire shi ta wurga wa 'yan kallo. Har yau bidiyon yana yawo a intanet.

Yarinyar da ke roƙon ta wayi gari fara

Tasirin hoto ɗaya abu ne mai wuyar aunawa, amma akwai shaidu. Oprah Winfrey ta taɓa cewa da a ce ta ga Alek a bangon mujalla lokacin tana tasowa, da kallon da take yi wa kanta ya bambanta.

Shaidar da ta fi ratsa jiki ta fito ne daga bakin 'yar fim Lupita Nyong'o, 'yar Kenya, a watan Fabrairun 2014, kwanaki kaɗan kafin ta lashe kyautar Oscar. A wani taron liyafa da mujallar Essence ta shirya, ta karanta wasiƙar wata yarinya da ta ce tana dab da sayen man bilicin sai ta ga Lupita ta fasa. Daga nan Lupita ta ba da nata labarin. Ta ce tana ƙarama kullum addu'arta ita ce ta farka ta ga fatarta ta yi haske. Har alkawari take ɗaukar wa Ubangiji cewa za ta daina satar sukari da dare, za ta riƙa jin maganar mahaifiyarta, in dai za a rage mata baƙi. Da safe ba ta yarda ta kalli jikinta sai ta isa gaban madubi, kullum kuma ta tarar yadda ta kwanta haka ta tashi. Mahaifiyarta na ce mata kyakkyawa ce, amma ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba, don ai uwa ba za ta ce ɗiyarta mummuna ce ba. Sai da ta ga Alek Wek, mai irin launinta, duniya na yabawa, sannan wani abu ya fara warwarewa a zuciyarta.

A 2019 Lupita ta wallafa littafin yara mai suna Sulwe, kan wata yarinya da ta fi kowa baƙi a gidansu. Amma shekara biyu kafin nan, a 2017, mujallar Grazia ta Birtaniya ta saka ta a bango bayan an goge wani sashe na gashinta da kwamfuta, an kwantar da sauran. Ta fito ta yi tir, mujallar da mai hoton suka ba da haƙuri. Wannan mace ce mai Oscar a hannu.

Tsanin launi a gida

Kuskure ne a ɗauka cewa fifita fari a kan baƙi ciwon Turai ne kaɗai. A ƙasar da aka haifi Alek, launin fata tsani ne mai matakala, kuma kowace matakala da sunanta a Larabcin Sudan. Akwai asfar, wato rawaya, ga mai haske. Akwai asmar ga wanda Bahaushe zai kira wankan tarwaɗa. Wanda ya fi shi duhu akhdar ne, wato kore, na can ƙasa kuma azrak, shuɗi. Akan kauce wa kiran mutum baƙi kai-tsaye, domin kalmar ta daɗe da cuɗanya da tarihin bauta, kuma 'yan kudu da suka zauna a Khartoum sun sha jin ana jifan su da kalmar da ke nufin bayi. Wannan raini yana cikin abubuwan da suka rura wutar yaƙin da ya raba ƙasar gida biyu.

Gyaran jikin amare na Sudan, wanda ya bi hanyar alhazai da 'yan kasuwa ya shiga gidajen Hausawa, shi ma yana da alaƙa da wannan. Dilka tana goge fata ta yi laushi da sheƙi, dukhan kuma, turaren da ake zama a kan hayaƙin itacen ɗalha, yana bar wa fata ƙamshi da wani launi mai ɗan rawaya. Waɗannan tsofaffin al'adu ne, ba su kuma sauya halittar mutum. Abin da ya zo daga baya shi ne mayukan kanti da ke shiga cikin fata su hana ta aikinta.

Launin fata yana fitowa ne daga wani sinadari da jiki ke sarrafawa mai suna melanin, wanda kuma shi ne garkuwar fata daga zafin hasken rana. Mayukan bilicin suna aiki ta hanyar daƙile shi. Uku ne suka fi yawa a cikinsu. Akwai haidirokwinon, wanda likitoci kan ba da shi na ɗan lokaci don tabo, amma idan aka daɗe ana shafawa sai ya haifar da baƙaƙen tabo masu kauri a kumatu da wuya, waɗanda ba su cika gogewa ba. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi, da ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, rauni ya ƙi warkewa, kuma suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Na ukun shi ne makuri, ƙarfen nan mai guba da ke lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kuma iya isa ga ɗan tayi a ciki ko jariri ta nono.

Wata takarda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka, kashi 59 a Togo, kashi 27 a Senegal, kashi 25 a Mali. Adadin na Najeriya, wanda ake yawan maimaitawa kamar ƙidayar ƙasa ce, ya samo asali ne daga wani bincike da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Legas, don haka bai kamata a shafa shi a kan kowace mace ba. Duk da haka girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Kwaddibuwa ta haramta mayukan a 2015, Ghana ta hana shigo da masu haidirokwinon a 2016, Ruwanda ta bi sahu, Kamaru ta ɗauki irin matakin a 2022, hukumar NAFDAC ta Najeriya kuma ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa a 2023. Ita ma Sudan ta Kudu, ƙasar da 'ya'yanta ke cin abinci da baƙar fatarsu a Paris, ta sanar da nata haramcin, abin da ke nuna cewa a Juba ma akwai masu saye.

Dalilin da ya sa dokokin ba su kashe kasuwar ba a fili yake. Macen da ke shafa man ba jahilar illarsa ba ce a kullum. Ta duba ta ga wa ake ɗauka aikin karɓar baƙi a otal da banki, wa ake ba matsayin jaruma a fim, wa samari ke layi a ƙofar gidansu, sai ta yi lissafinta. Muddin wannan lissafi yana fitowa daidai, kwalba za ta ci gaba da shigowa ta bayan fage. A 2020 kamfanin Unilever ya sauya sunan shahararren man nan Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely bayan matsin lamba. An cire kalmar fari daga jikin kwalin, man kuma yana nan a kanti.

Ba yau ne ma'aunin kyau ya fara juyawa a wannan yanki ba. A arewacin Sudan, tsagar kumatu da ake kira shulukh da kuma baƙin zanen leɓe sun kasance adon da ake yabon mace da su har tsakiyar ƙarnin da ya wuce, yau sai a fuskar tsofaffi ake ganinsu, kamar yadda tsagar gado ke ɓacewa a ƙasar Hausa. Wushiryar da Bahaushe ke ƙirgawa cikin alamomin kyau, a Turai kuɗi ake biyan likitan haƙori ya toshe ta.

Sabon ƙalubale a cikin nasara

Waɗanda suka biyo bayan Alek sun tarar da hanya a share. Adut Akech, wadda aka haifa a 1999, ta yi ƙuruciyarta a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma da ke arewa maso yammacin Kenya kafin iyalinta su koma birnin Adelaide na Ostireliya. A 2018 ta rufe bikin kamfanin Chanel sanye da kayan amarya, girmamawar da baƙar fata ɗaya ce ta taɓa samu kafin ita, wato Alek a 2004. A 2019 aka zaɓe ta gwarzuwar shekara a bikin karrama masu harkar kayan ƙawa a Landan. Anok Yai kuwa a Alƙahira aka haife ta, ta girma a jihar New Hampshire ta Amurka. Wani mai hoto ya ɗauke ta a wani biki a Jami'ar Howard a 2017, hoton ya bazu a Instagram, kafin wata biyar ta buɗe bikin kamfanin Prada a Milan, abin da rabon baƙar fata da yi tun Naomi Campbell a 1997.

A fitowar Fabrairun 2022, Vogue ta Birtaniya, ƙarƙashin editanta Edward Enninful haifaffen Ghana, ta cika bangonta da 'yan Afirka tara, da dama 'yan asalin Sudan ta Kudu, har da Janet Jumbo ta Najeriya da Maty Fall ta Senegal. An yi murna, an kuma yi ƙorafi. Masu suka, ciki har da 'yan Sudan ta Kudu, sun ce an tsara hasken hoton ta yadda duka taran suka koma launi ɗaya mai tsananin duhu, an ɗora musu gashin kanti irin na Turawan da, babu mai murmushi, har ba a iya bambance wannan da waccan.

A nan ne gizo ke saƙar. Abin da ya sa Alek ta yi fice a 1997 shi ne ba ta kama da kowa. Yau siffarta ta zama samfuri da ake nema da awo: doguwa, siririya ƙwarai, baƙa wuluk, gajeren gashi. Mace baƙa mai jiki, ko gajera, ko wadda launinta ke tsaka-tsaki, har yanzu tana waje. Ita ma wadda ta shiga, sau da yawa ana ganin launinta ne ba ita ba. A 2019 mujallar Who ta Ostireliya ta yi hira da Adut Akech kan yadda ake kallon 'yan gudun hijira da baƙaƙen fata, sannan ta buga hirar da hoton wata baƙar fata daban. Mujallar ta nemi afuwa, amma kuskuren ya riga ya tabbatar da abin da Adut ta faɗa a cikin hirar.

Akwai kuma batun kuɗi. A wannan sana'a, kamfanin dillanci ne ke biyan kuɗin jirgi da biza da masauki da abinci, sannan ya rubuta su a matsayin bashi da za a cire daga abin da yarinya ta samu. Idan ta samu aiki, bashin ya biya kansa. Idan ba ta samu ba, yana nan a wuyanta. A 2023 jaridar Sunday Times ta Birtaniya ta wallafa wani bincike da ya nuna yadda ake zuwa sansanin Kakuma ana ɗauko 'yan mata zuwa Turai, waɗanda ba su yi kasuwa ba a mayar da su sansanin bayan 'yan kwanaki ko makonni, wasu da takardar bashin dubban yuro. Wasu an ce musu ƙugunsu ya yi faɗi, wasu kuma yunwar sansani ta sa ba su da ƙarfin aikin. Hukumomi sun fara sa ido a harkar: tun 2017 Faransa ta wajabta wa masu tallan kayan ƙawa takardar shaidar lafiya daga likita, ta kuma ce a riƙa rubutawa a jikin hoton talla idan an gyara siffar jiki da kwamfuta, jihar New York kuma ta kafa dokar kare ma'aikatan wannan fanni da ta fara aiki a 2025. Dokokin ba su kai Kakuma ba.

Hijabin da ya yi ta ƙanƙancewa

A wannan sansani na Kakuma aka haifi Halima Aden a 1997, shekarar da Alek ta hau bangon Elle. Iyayenta 'yan Somaliya ne, ta koma Amurka tana ƙarama, ta girma a jihar Minnesota. A 2016 ta shiga gasar sarauniyar kyau ta jihar sanye da hijabi, ba ta kuma cire shi ba har a zagayen da sauran ke fitowa da kayan wanka. Kamfanin IMG, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, ya ɗauke ta. Ta sa an rubuta a yarjejeniyarta cewa ba za ta taɓa cire hijabi ba, kuma za a ware mata wurin sauya kaya inda namiji ba zai gan ta ba. Ta hau bangon Vogue ta Birtaniya a 2018, ta zama abin alfaharin 'yan mata Musulmi daga Minneapolis har Kano.

A farko da akwatinta take zuwa wurin aiki, cike da hijaban da ta zaɓa da kanta. Da tafiya ta yi nisa sai ta sakar wa masu shirya ta ragama. Babu wanda ya karya yarjejeniyar, domin ba a taɓa buɗe mata gashi ba. Amma hijabin ya yi ta raguwa, wuya ya fara fitowa, wata rana a rufe kan da hula, wata rana da kayan ado, har aka kai ga ɗora mata wandon jins a ka a wani talla. Ta ce akwai ranakun da aiki ya hana ta salla a kan lokaci, akwai kuma hotunan da ta kalla ba ta gane kanta ba. Ta ƙara da cewa abin da ya fi ci mata rai shi ne ganin 'yan mata masu hijabi da suka shigo sana'ar saboda ita, ba su samu ko irin kariyar da ta samu ba.

A watan Nuwamban 2020, bayan zaman gida na lokacin korona ya ba ta damar zama da mahaifiyarta, wadda ta daɗe tana nuna mata rashin jin daɗinta, Halima ta sanar a Instagram cewa ta bar dandamalin manyan kamfanoni. Tana da shekara 23, kuma tana kan ganiyarta. A shekarar da ta biyo baya ta ƙulla yarjejeniya da Modanisa, wani kamfanin Turkiyya mai sayar da suturar mata Musulmi, inda ta shiga tsara hijabai da ɗankwalaye da kanta.